Ɗigon Shayi a Hijabin Bilkisu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ɗaga hannu a aji ba, domin a ranar ce na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Muna aji biyu a ƙaramar sakandaren 'yan mata kusa da Zakirai. Ni irin yaran nan ce da ko sunansu aka kira sai sun waiga su ga ko da wata ake. Ba na magana, amma ina kallo. Na san wadda ta aro takalmi, na san wadda ta yi kuka kafin ta shigo aji, na san ranar da Malam Habibu, malamin tarihinmu, ya sa safa ba iri ɗaya ba. Ƙawata ɗaya ce tak, Ladidi. Bencinmu ɗaya, kuma tare muke ratsa gonakin gero mu koma gida. Duk abin da na gani ita nake raɗa wa, ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Idan babu Ladidi, to babu mai jin muryata a makarantar nan.

Sai Bilkisu ta dawo daga Masar.

Mahaifinta ɗan kasuwar riɗi ne. Ya kai kakarta Alƙahira aikin ido, aka tafi da Bilkisu don ta riƙa kula da tsohuwar. Tun da ta dawo, da an kaɗa ƙararrawar tara sai 'yan aji su yanyame bencinta kamar ƙuda sun ga mangwaro. Ni kuwa da ta buɗe baki ta ce "Da muka je Luksor," sai in ɗauki awarata in tafi gindin darbejiya in ci ni kaɗai. (Na gaya wa kaina surutu ne ba na so. Ƙarya nake yi, kishi ne ke damuna.) Don haka ban taɓa jin labarin daga farko zuwa ƙarshe ba, sai gutsattsarin da iska ta kawo mini: jirgi, kaburburan sarakuna, kogin Nilu.

A hanyar gida Ladidi ta so ta ba ni.

"Ke, wai kin san ginshiƙan wurin sun fi kukar bakin kasuwa kauri? Kuma wai..."

"Ladidi, kaina ke ciwo."

"Kullum kanki na ciwo daidai nan wurin," in ji ta. Washegari na tarar ta kwashe jakarta ta koma bencin Bilkisu.

Ana haka Malam Habibu ya ce Bilkisu ta kawo hotunan tafiyar a nuna wa aji. Ta kawo, ya liƙa su a jikin allo tun da safe, ya ce bayan tara za ta yi bayani. Da kowa ya fita, na lallaɓa na tsaya gaban allon. Ga ta a matakalar jirgi tana saukowa. Ga ta tsakanin wasu ginshiƙai masu zane, ta zama kamar tururuwa a gindinsu. Ga ta a bakin wani rami da aka fafe a jikin dutse. Ga ta a kwale-kwale da farantin abinci.

Can idona ya sauka a kan hijabinta. Ruwan ƙasa ne a hoton farko. Ruwan ƙasa a na biyu. A duka hotunan hijabi ɗaya ne, kuma a ƙarƙashin haɓarta, ɗan gefen hagu, akwai wani ɗigon tabo. Tabon nan yana jirgi, yana ginshiƙai, yana bakin kabari, yana kan ruwa.

Ai sai na ji sanyi har tafin ƙafata. A garinmu wace yarinya ce za ta maimaita kaya a hoto biyu? Ko bikin maƙwabta ne sai mun canja na safe, na yamma, da na kai amarya, ko da aro ne. Balle 'yar Alhaji, a ƙasar waje! Na duba taswirar da ke bayan aji, na auna da yatsa: daga Alƙahira zuwa Luksor tafiya ce mai nisa. Mu da idan Babana ya shiga Kano sayen taki, sai magariba muke ganinsa. Duk wuraren nan, na ce a raina, sai an yi kwana da kwanaki, kuma babu mai yin kwanaki da hijabi mai tabo. Amsa ɗaya ce: Ɗan'asabe mai hoto na kasuwa. Shi ne yake tsayar da kai wuri ɗaya ya yi ta canja labule a bayanka. Kawuna yana da hoto a gaban jirgin sama, alhali ko Wudil bai taɓa wucewa ba.

Na koma bencina ina jin kaina kamar alƙali. Har na hango Ladidi tana dawo da jakarta tana cewa, "Wallahi ke dai idonki!"

Bayan tara Bilkisu ta tsaya gaban allo. Kafin ta gama sallama hannuna yana sama. Malam Habibu ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ikon Allah. Yau bebiya ta yi magana. Muna jin ki."

Na miƙe. "Malam, hotunan nan na labule ne."

"Na me?"

"Na labule, irin na Ɗan'asabe. Ku duba hijabinta, ɗaya ne a duka. Ga ma tabo nan a haɓarta, bai gusa ba. Wa zai yi kwanaki a Masar da hijabi ɗaya?"

Ajin ya yi tsit. Na ɗauka tsit ɗin nasara ne, har na ɗan ɗaga kai. Sai wata daga baya ta ce, "Kwanaki kuma?" Sai ajin gaba ɗaya, kamar masu biya karatu: "Ai rana ɗaya ce!"

Kowa ya sani. Har mai sayar mana da awara ta sani. Ni kaɗai ce ina gindin darbejiya lokacin da aka faɗa.

Bilkisu ta ce, "Da asuba motar masu yawon buɗe ido ta ɗauke mu ta kai mu filin jirgi. Muka sauka Luksor da hantsi, mai yi mana jagora yana gaba da 'yar tutarsa muna bin sa. Muka ga ginshiƙan, muka haye kogi muka shiga kaburburan, a daren muka komo Alƙahira wurin Hajiya kakata. Shayi ne ya zubo mini a jirgi da ya girgiza. Na ce wa Baba zan canja, ya ce jirgi ba ya juyawa saboda hijabi."

Dariya ta ɓarke. Malam Habibu ya dube ni ya ce, "'Yata, idonki lafiya lau. Kunnenki ne ya tafi kiwo. Zauna."

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Ashe babu wanda ya taɓa lura da tabon sai da na nuna. Aka ruga allo ana ture-ture, "Ina yake? Kai, ga shi kuwa!" Bilkisu ta kifa kai a benci ta fashe da kuka. Wa ya rungume ta yana lallashi? Ladidi. Ta ɗago ta yi mini wani kallo da har yau idan na tuna sai na gyara zama.

Na yi ta komawa gida ni kaɗai, har gero ya fara fitar da kai. 'Yan aji suka sa mini Sufeto. Ranar da na gaji, na tare Ladidi a kan kunyar wata gona na ce ta yi haƙuri.

"Ba ni za ki ba haƙuri ba, Sufeto. Ki zo mu je gidansu. Kuma za ki zauna ki ji labarin nan tun daga asuba har dare. Kanki ya yi ciwo, na bar ki har abada."

Na je. Bilkisu ta karɓi haƙurina, ta kawo mana dabino, sannan ta rama da labari. Ba ta tsallake komai ba. Ta faɗi yadda gajimare ke zama a ƙarƙashin mutum kamar audugar da aka shanya. Ta faɗi yadda ake gangarawa cikin kabari, zafi kamar ɗakin da aka rufe da murhu, ga bango da zanen tsuntsaye da shanu, launinsu kamar jiya aka shafa. Har manoma ta ce ta gani a zanen, suna yankan hatsi da lauje irin namu. Na zauna na haɗiye duka, ina murmushi kamar mai shan maɗaci a gaban baƙi.

Ladidi ta dawo bencinmu, amma da Bilkisu ta taho, muka matsu mu uku, ni a bakin ƙarshe rabin jikina a iska. Kishin kuwa bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi, don yanzu na san ainihin abin da na rasa. Abin da na koya dai shi ne: idan za ka yi wa mutum ƙyashi, daure ka ji labarinsa har ƙarshe tukuna. Ƙyashin ba zai ragu ba, amma aƙalla ba za ka miƙe da shi a gaban aji ba.