Yadda Na Mai da Kawu Barmo Ɓarawon Ruwa

Abubuwa da yawa sun gushe mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban iyayen ƙauyenmu kaf na karanta labarin ɓarawon ruwa ba. Har yau in na tuna sai haushin kaina ya taso sabo.

Ina ajin ƙarshe a makarantar Hajj Abdalla, Ustaz Bashir ya ce kowa ya rubuto labarin mai laifi, ya nuna yadda zuciya ke juya mutumin kirki har ya lalace. Ni kuwa a makon nan cike nake fam da haushi. Ranar da ruwa ya kamata ya shiga hawasharmu, wato gonar audugar da mahaifina ke riƙe da ita, na je na tarar an toshe bakin hanyar ruwanmu da laka, ruwan yana ta kwarara gonar maƙwabcinmu Kawu Barmo. Audugarmu ta yi yaushi, tasa tana sha. Ban tambayi kowa ba (ina ni ina tambaya, ni da nake ɗan makaranta?). Gida na dawo na ɗauki alƙalami.

Na sa wa mutumin nawa suna Barau, wai don kada a gane. A shafin farko manomi ne mai kunya. A na biyu hassada ta shige shi. Daga nan duk sanda na tuna audugarmu sai in ƙara masa mugunta: ya saci ruwa, ya yi rantsuwar ƙarya gaban mufattishi, wato jami'in duba gonaki, kafin shafi na biyar har ya ƙone rumbun marayu. Don tsabar haushi na ba shi ɗingishin ƙafar hagu, da busasshen tari, da farin jaki mai yankakken kunne. Mutum ɗaya ke da waɗannan a ƙauyenmu.

Ustaz mutumin Kamlin ne, bai san kowa namu ba. Ya yaba, ya ce ni zan karanta ranar taron iyaye.

Na karanta kuwa, ina huci. Da na zo kan jakin, wuri ya yi tsit. Kawu Barmo na sahu na biyu, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rawaninsa. Na ce a raina gaskiya ta kama shi, na ƙara ɗaga murya (kaico, wawa!).

Sai mahaifina ya miƙe. "Halas, ya walad! Ya isa, yaro! Rufe takardar ga."

"Baba, ai gaskiya ce..."

"Gaskiyar mi? Ni na toshe ruwan da hannuna! Barmo na kwance asibitin Makwar zagayen ruwa biyu ya wuce shi, audugarshi za ta mutu, na bar mishi nawa. Ka tambaye ni?"

Kawu Barmo ya ɗago, ya yi tarin nan nasa, ya ce, "Bar shi, Malam Isa. Amma ɗana, rumbun marayun ga, yaushe na ƙone shi?"

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Da yamma mahaifina ya tasa ƙeyata har ƙofar gidan Kawu Barmo, na durƙusa, ya yafe mini nan take. Sai dai sunan ya riga ya fita. Barau yaran ƙauye suka riƙa kiransa, a gona da kasuwa, ina ji ina gani, har Allah ya karɓi ransa.

Shi ya sa har yau, in raina ya ɓaci, matata ta san aikinta: ta ɓoye alƙalamina sai na huce.