Kunyar Suruki a Tsakiyar Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zaɓi kwana a jirgin ruwa ba, alhali ga ɗaki da katifa a kan tudu an yi mini tayi. Farkon shekarun tamanin ne, ina ɗalibi a jami'a a Madina, ni ɗan Gumel wanda babban ruwan da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari.

Ina da aboki Abdul'aziz, haifaffen unguwar Sih a nan Madina. Kakansa ne ya zo hajji a ƙafa daga Haɗeja bai koma ba, don haka Hausarsa rabi ce, Larabci ke cike sauran. Ya samu aiki a Yanbu'u, can bakin Bahar Maliya, ya koyi nutso da tukunyar iska a baya, ya dawo ya hana ni sakat da labari. Wai a ƙarƙashin ruwa akwai duwatsu masu rai, akwai kifi mai launin atamfa. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na ce wallahi sai na gani da idona.

Sai dai akwai wata magana a ƙasa. Ina neman auren ƙanwarsa Safiyya. Wani malamina ya kai batun wurin mahaifinsu, Baba Ilyasu, shi kuma ya ce a ba shi lokaci ya ga yaron tukuna. Daga nan shiru, ba e ba a'a.

Da hutu ya zo Abdul'aziz ya ce, "Ya shaikh, zaɓi biyu ne. Ko mu sauka a ɗakina a gari, kullum mu fita da safe a ƙaramin jirgi mu dawo da la'asar, ka ci abin da ka ga dama, ka kwana a katifa. Ko mu shiga babban jirgin katako mu yi nisa, can ci, can kwana, har ƙarshen mako. Na nesan ya fi kyau, bas, sai dai in ka gaji ba wurin gudu."

"Kai wanne ka ga ya dace da ni?"

"Tudu. Ba ka taɓa ganin teku ba fa."

Ai jin haka sai na ƙara ƙeƙashewa. Na yi ta jero masa tambayoyi: yaya ake gane alƙibla in jirgi yana juyawa, kifi yana barci kuwa, da gaske ne ruwa yana sake launi in an yi nisa? Na tambayi komai ban da su wa za a tafi da su. Na ce jirgi nake so.

Muna isa bakin ruwa na hango wani dattijo zaune cikin jirgin, da fatsa a hannu da butar shayi a gefe. Ya ɗago ya ce, "Ahlan, ya waladi." Baba Ilyasu! Ashe shi kamun kifi ne abin sha'awarsa, duk fitar da za a yi yana ciki. Na durƙusa na gaishe shi, kafin in miƙe an kwance igiya.

To, ku da kuka tashi a gida kun san halin da na shiga. A wurinmu mutum ba ya cin abinci gaban suruki, ba ya miƙe ƙafa, ballantana ya tuɓe riga. (Mijin yayata ya taɓa wuni a bayan rumbu don kawai babanmu yana zaure.) Ga shi an haɗa ni da wanda nake fata ya zama surukina a wurin da bai fi tsakar gida ba. Tabarma ɗaya, faranti ɗaya, makewayi ɗaya mai ƙofar da ba ta rufuwa sosai.

Da aka sauke shinkafa da kifi na rana, na ce azumi nake. Ba ƙarya na yi ba, tun safe ban sa komai a baki ba, sai na ƙulla niyyar nafila a take. Na ɗauka na yi dabara. Magariba na yi kuwa kowa ya kewaye ni, Baba da kansa ya turo mini farantin gabana yana cewa, "Kul, ya waladi, ci." Na ɗauki dabino ɗaya na juya baya na haɗiye, na ce alhamdu lillahi na ƙoshi. Ya dube ni, ya ci gaba da cin abincinsa.

Sai kuma batun kayan nutso. Wata baƙar rigar roba ce mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu, ba abin da take ɓoyewa. Na sa ta a makewayi, na dubi kaina, na ce a'uzu billahi, na ɗora jallabiyata a kai. Mai koya mana, wani Bamisire, ya yi ta faɗa, na ce ko da ita ko in fasa. Ranar farko a wurin da ƙafa ke taɓa ƙasa aka koya mana numfashi, ta tsani na sauka a hankali, jallabiya ba ta ba ni matsala ba. Har na fara jin kaina.

Washegari muka kai wuri mai zurfi. Nan ba tsani, daga gefen jirgi ake dira. Na tsaya da tukunya a baya, da tabarau, da takalman nan masu kama da ƙafar agwagwa, cikina fayau. Na yi bisimilla na dira.

Jama'a, ina taɓa ruwa jallabiyar nan ta cika da iska ta tashi sama ta lulluɓe mini kai ruf. Ban ga kifi ba, ban ga dutse ba, farin yadi kawai nake gani. Na tofar da abin numfashin na kurma ihu da Hausa tsantsa, "Wayyo Inna!" na kwankwaɗi ruwan gishiri. Ina ta wutsil-wutsil sai na ji an maƙalo ni an ja. Baba Ilyasu ne, da sandar ƙugiyar da yake jawo manyan kifi. Jallabiya ta yage ta bi ƙugiya, aka tsamo ni aka shimfiɗe a gabansa cikin robar nan da na yi ta ɓoyo. Wuri ya yi tsit. A cikin shirun nan ne cikina ya yi wani ƙugi mai tsawo wanda har matuƙin jirgi ya waiwayo.

Baba bai yi dariya ba. Ya zauna ya ce, "Ya waladi, tun jiya kana ƙin abincina, in na zo nan ka koma can. A nan wanda ya ƙi cin abincin mutum, zumuncinsa ya ƙi. In ka fasa neman 'yata ka faɗa mini, khalas, ba dole."

Nan take na ga Safiyya tana kuɓuce mini saboda farantin shinkafa. Ina ɗigar ruwa, kaina a ƙasa, na ce, "Baba, wallahi kunyarka nake ji. A gida ba a cin abinci gaban suruki."

Baba ya ce, "Don girmamawa?"

"Don girmamawa, Baba."

Sai ya fashe da dariya har da hawaye. "La ilaha illallah! Babana bai taɓa cin abinci da kakana na wajen uwa ba, ko sau ɗaya. Ni tun ina yaro na ɗauka gaba suke yi, har suka mutu ban tambaya ba!" Ya yi ta tambayata sauran al'adun, ina amsawa haƙorana na kaɗawa. Daga nan ya sa aka kawo farantin, ya gyara zama dab da ni ya ce, "Yalla, kul. Ina kallo."

Na ci, jama'a. Na ci shinkafa, na ci kifi, na suɗe hannu, surukina na ƙirga mini loma da ido. Da la'asar na sake dira, ba jallabiya, na ga abin da ya kawo ni. Kifin nan da gaske ne, shuɗi da rawaya, wani har ya zo ya leƙa tabarauna yana mamakina kamar yadda nake mamakinsa.

An ba ni Safiyya. Darasin da na koya shi ne, in za ka ji kunyar suruki, ka ji ta a kan tudu, inda akwai ƙofar baya da mai sayar da gurasa a kusa. Baba kuwa, Allah ya ji ƙansa, har ya bar duniya duk walimar da muka haɗu sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, kowa ya juya baya, Malam zai ci abinci."