Sharaɗin Cibiya

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kafa sharaɗi da bakina a gaban matan Gozaki, sharaɗin ya zagayo ya kama ni a ƙafa.

Bari in fara gaya maku ko ni wace ce, don ku san tsawon inda na faɗo. Ban taɓa zama a aji ba, amma a garin nan in gardama ta gagari mata, ƙofata ake bugawa. Na san wanda ya haifi wane, na san wadda ta riga wata aure, na san gonar da aka saya da wadda aka gada. Shi ya sa suka yi ni uwar ƙungiyar mata, kuma ban taɓa jin kujerar ta yi mani yawa ba.

To, bayan an cire masara a shekarar, sai wata ma'aikaciya, Malama Safiya, ta zo da saƙo. Ana son mace ɗaya daga garinmu a kai ta Funtua ta koyi yi wa awaki da kaji allurar rigakafi, a ba ta kayan aiki, ta riƙa zagaya gidaje tana samun na cefane. Mata huɗu suka nuna suna so. Akwai Binta, mai jariri a baya. Akwai Hanne mai ƙosai, 'yar Hajiya Kande (ƙawata ce tun muna amare, kuma tun lokacin take jiran ranar da zan yi tuntuɓe). Akwai Rakiya, wadda aka auro daga Matazu, mai karatu da saurin baki. Sai ta huɗun, 'yar farina.

Sunanta ba zai fito daga bakina ba, ko a nan. 'Yan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari kuna cilla shi sama a gaban surukai, mu ba haka muka taso ba. Ɗan fari ba a kiran sunanshi, ba a yabonshi, ba a nuna an san da zamanshi. Ni "Waccan" nake ce mata, ita kuma "Yaya" take ce mani, har baƙi kan ɗauka ƙanwata ce. Shekara arba'in da ɗoriya muna haka, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa karya wannan kunya ba.

Waccan kuwa mijinta ya rasu, ta dawo gidana da 'ya'yanta, ba jari, ba sana'a. Sai ɗan wankau da take yi wa mutane in ta samu, hannuwanta duk sun tsage. Aikin nan ita ya fi dacewa da shi, kuma da na ce "a ba ta" da babu mai musa mani. Amma yaya zan buɗe baki a taro in roƙa wa 'yar fari? Sai na ce a raina, ai abin da baki ba zai faɗa ba, dabara za ta faɗa.

Malama Safiya ta ce tsarin shi ne ƙungiya ta fitar da sharuɗɗa tukuna, sannan a auna kowace mai nema a kansu, wadda ta tsallake duka ita ce. Na yini ina tankaɗe ina lissafi. Zan yanka wa kowace kishiyar neman sharaɗi daidai wuyanta, in bar Waccan tsaye ita kaɗai, ba tare da na ko dubi inda take ba. Har dariya na yi ni kaɗai a madafi, ina jinjina wa kaina.

Ranar taro muka cika ajin firamare bayan la'asar, manya a kan benci, yara mata a tagogi. Na gyara mayafi na miƙe. Na ce sharaɗi na farko, sai wadda aka binne cibiyarta a garin nan, don 'yar gari ce za ta ji ciwon dabbar gari (wannan na Rakiya ne). Na biyu, ban da mai goyo, don ba a bin akuya da jariri a baya (na Binta). Na uku, ban da mai wata sana'a a hannu, don kada a tara wa mutum ɗaya (na Hanne, kuma na faɗe shi ina kallon uwarta).

Mata suka ce madalla. Malama Safiya ta tambaya ko za a bar wata ƙofa, ko da wata ta cika biyu ta rasa ɗaya. A nan ne girman kai ya tura ni.

Na ce, "Babu ƙofa, Malama. Abin da aka faɗa an faɗa. Ko daga ɗakina mace ta fito, in ta rasa ɗaya a fitar da ita."

Har tafi aka yi mani. Na zauna ina jin kaina kamar alƙali.

Aka fara awo. Binta ba ta ma jira an kira ta ba, ta jijjiga ɗanta ta ce ita ta ji nata. Hanne ta ce ai ƙosan na safe ne kawai, na ce sana'ar safe ma sana'a ce, ta koma ta zauna tana hararar ƙasa. Hajiya Kande ba ta ce komai ba. Da ina da wayon da nake taƙama da shi, da wannan shirun ya tsorata ni, don Kande ba ta shiru sai ta ga rami a gabanka.

Aka zo kan Rakiya. Malama ta ce tunda zancen cibiya ne, tsofaffi za su ba da shaida. Kafin ta rufe baki na ce Matazu, kowa ya sani, da idonmu muka ga motar amarya.

Kande ta yi gyaran murya. Ta ce, "Uwar ƙungiya, a yi mani afuwa. Uwar yarinyar nan ba marigayiya Dije ba ce, ta unguwar maƙera, da aka kai Matazu aure? Rakiya ba ita ce ta farinta ba? To ina ake haihuwar fari?"

Ajin ya amsa mata baki ɗaya: gida.

Haka ne kuwa. Mace in cikin fari ya tsufa, gidan iyayenta take komawa goyon ciki, can ta haihu, can ta yi wankan jego. Dije a nan Gozaki ta haifi Rakiya, a bayan ɗakin uwarta aka binne cibiyar. Kande ta ƙara da cewa ni ce ma na raba tuwon sunan, kuma ta tuna na kai ƙaton malmala gida (ƙarya ne, matsakaici ne). Rakiya ba ta goyo, ba ta sana'a. Ni ban ma auna ta a kan waɗannan biyun ba, tunda a lissafina tun a ƙofar farko ta faɗi.

Na ce a raina ba komai, sun zama biyu, sai a yi ƙuri'a, kuma hannuwan matan nan na san inda za su ɗaga. Wallahi har lokacin kaina bai kawo ba. Mutum ya shekara arba'in yana yin kamar bai san haihuwar yarinya ba, ashe yana iya mantawa da gaske.

Malama ta kira sunan Waccan. Ta miƙe a can baya, ta sunne hannuwanta cikin hijabi. Malama, da yake baƙuwa ce, ta tambaya ko mahaifiyarta na raye, ta zo ta ba da shaida.

Kawunan mata suka juyo wajena ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na ɗaga kai ina nazarin kwanon rufin ajin, kamar ni aka ba kwangilar gyaranshi. A lokacin ne Maska, garin iyayena, ta faɗo mani a rai: ɗakin innata, tukunyar ruwan zafi, kunun kanwa, da bishiyar lalle a bayan ɗaki inda aka tona ramin.

Malama ta sake tambaya. Na yi tunanin in ce a nan aka haife ta. Amma Kande ce ta raka ni Maska da cikin, ita ta riƙe mani ƙullin kaya a bayan motar auduga, ga ta nan zaune ta harɗe hannu tana jira. Bayan haka ma, da furfurata zan yi shaidar zur a kan allurar akuya?

Na ce, "Ni ce."

"Ke ce me, Hajiya?"

"Ni na haife ta."

"A ina?"

"A Maska."

Ban taɓa jin muryata ta yi ƙanƙanta haka ba. Wata daga taga ta fara ƙyalƙyalewa, sai ajin ya ɗauka. Ba dariyar mugunta ba ce, kuma hakan ya fi ciwo, don ta nuna kowa ya gane abin da na yini ina ƙullawa. Na yi ƙoƙarin cewa ai 'yar fari al'ada ce ta fitar da ita, ya kamata a duba. Kande ta tuna mani, a hankali, cikin ladabi, cewa babu ƙofa. Malama ta ce Rakiya ta tsallake uku, aka yi addu'a aka tashi.

A hanyar gida ina gaba, Waccan na baya, kamar kullum. Ina jiran ta yi kuka ko ta yi mani gori, don na cancanta: da ban sa baki ba, da wataƙila tausayi kaɗai ya ba ta aikin. Sai da muka zo daidai rumbunan bayan gida na ji ta matso.

Ta ce, "Yaya, yau ne na fara jin kin ce ke kika haife ni."

Na ce ta wuce ta ɗora ruwan tuwo, magariba ta gabato. Ta wuce tana murmushi, wankau ɗin gobe na jiranta a bakin rijiya.

Rakiya ta je Funtua ta dawo, kuma ta iya aikin, ba zan hana ta ba. Duk zuwan da za ta yi wa awakina allura, daga zaure take sallama da cewa 'yar gari ta iso, ni kuma in amsa, don ba ni da bakin musu.

Abin da na koya ba shi da yawa. In za ki haƙa wa 'ya'yan mutane sharaɗi, fara auna na ɗakinki a ciki. In kuma kina son wani abu ga naki, ki daure ki faɗa tun da fari a cikin mutum biyu. Ni na ƙi faɗa a gaban Malama ita kaɗai, na zo na faɗa a gaban gari guda, kuma a banza.