Malam Mordecai Ya Amsa Kiran Ƙasa

A duk Samaru babu wanda ya san noma kamar Malam Mordecai. Shekara goma sha tara yana buga hatimi a wani ofis, amma in ya fara bayanin taki, har masinja sai ya nemi kujera. Abokan aiki suna kiransa Sarkin Noma. Shi ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka buga masa a kati.

Gonar gadonsu tana can wajen Shika. Matarsa Susanna ce ke noma ta, ita da ƙannensa biyu. Shi nasa aikin ya fi nauyi: ran Asabar yakan je cikin farar shadda, ya tsaya a inuwar ɗorawa, a ɗauke shi hoto yana nuna nesa da yatsa.

"Ofis ya yi mini kaɗan," in ji shi. "Ƙasa ke kirana. Jari kawai nake jira."

Ya kuwa nemi jarin. Banki suka ce ya kawo jingina, ya kai musu hotuna. Ya je Sabon Gari wurin Oga Nedu mai sayar da injin ban ruwa, ya yi masa lacca ta awa biyu a kan makomar Afirka. Nedu ya saya masa lemo, ya raka shi har bakin titi don ya tabbatar ya tafi.

Ana nan sai ga wata ƙungiya mai tallafa wa gonakin iyali. Malam ya rubuta musu shafi arba'in da bango mai ƙyalli. Ranar da aka ce za a zo duba gona, ranar ya miƙa takardar ajiye aiki. Ya yi jawabin bankwana, ya yafe wa shugaban ofis laifuffukan da shugaban bai san ya yi ba.

Jami'ar da ƙungiyar ta turo, Madam Ebele, ba ta da yawan magana. Malam ya shige gaba, yana ratsa kunya da takalmi sau-ciki.

"Madam, dubi masarata. Irin zamani ne, da kaina na zaɓo."

Ta duba. "Wannan ai dawa ce."

"To, a kimiyyance 'yan'uwan juna ne."

"Kuma gonar maƙwabci ce, Baban Marvellous," in ji Susanna ga mijinta daga bayansu, da fartanya a kafaɗa. "Tamu ta ƙare tun wajen surin can."

Madam Ebele ta rufe takardun Malam, ta juya wajen Susanna. Yaushe aka yi shuka? Me ke cin waken soya? Susanna ta amsa duka, ko fartanyar ba ta sauke ba.

Tallafi ya fito da sunan Susanna. Malam ya garzaya ofis a maido masa da takardarsa, ya tarar an ba wani kujerar.

Yanzu burinsa ya cika, gona ce aikinsa safe da yamma. Susanna ta gwada shi a shuka, ta gwada shi a cire ciyawa, ta ga asarar ta yi yawa. Sai ta miƙa masa gwangwani da sanda, ta naɗa shi mai korar tsuntsaye. Wannan kam ya iya. Ko gwangwanin ba ya bugawa: da ya gyara murya ya ce "'Yan'uwa manoma", sai ka ga garken ya tashi ya nufi Zamfara.