Ranar da Na Ceci Shinkafar Malama

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi wa shinkafar mutanen Sifen gyaran da ba wanda ya roƙe ni, a gaban iyayen yara, har da tawa uwar.

Lokacin ina sakandare a nan Guangzhou ta ƙasar China, inda Baba ke sayen tufafi a kasuwar Shahe yana turawa Kano. A makarantarmu dole kowa ya ɗauki yare ɗaya, Faransanci ko Sifaniyanci. Ni Sifaniyanci na ɗauka, ba don ina sonsa ba, layin masu Faransanci ne ya yi tsawo (ni da layi ba ma shiri, ko na aljanna ne sai na tambayi ko da wata ƙofa).

Malamarmu, Malama Pilar, 'yar siririyar mata ce mai kirki, amma ta cika dogon labari. Ana saura mako a yi ranar al'adu ta cinye darasi guda tana bayanin wata shinkafar garinsu wai ita paella, wadda za ta dafa wa iyaye. Ni ban saurara ba. Shinkafa da kaza da mai da kayan miya a tukunya ɗaya, ai dafa-duka ce, tun ina ƙarama nake yin ta. Da aka zo rabon aiki, wasu rawa, wasu waƙa, na ce ni a bar ni wajen girki, don ba zan yi juyi da siket mai tattara a gaban Mama ba.

Ranar, Malama ta kafa wani ƙaton kasko mai faɗin faifai a tsakar makaranta. Kazar ma har unguwar musulmi ta je ta sayo ta halal saboda mu. Ta ciro wani ɗan ƙunshin za'afaran, kayan ƙamshin girki mai tsada, ta ce mahaifiyarta ce ta aiko mata daga gida, shi kenan ya rage, ta juye shi duka. Ta baza shinkafa, ta daidaita wuta, sai aka ce iyaye sun iso. Kafin ta tafi tarbarsu ta ce in tsaya a nan, kada in taɓa komai. Ta faɗa da Sifaniyanci, ta maimaita da Turanci, ta ƙara da yatsa. Ba zan yi mata ƙarya ba, na ji sarai.

Tafiyarta ba da jimawa ba ruwa ya tsotse. Kasko ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, ga wani ƙauri-ƙauri yana tasowa. Na ce a raina, baiwar Allah nan ta tafi surutu, abincinta zai ƙone ta ji kunya. Na ɗauki ludayi na kankare gindin kaskon tas, na juya sama ta koma ƙasa. Na ga har yanzu shinkafar da ɗan tauri, na kwara ruwa. Babu murfi (na yi ta mamakin mace ta zo girki ba murfi), sai na kifa babban tire a kai. Abin da na kankaro mai duhu-duhu kuwa na kwashe na zuba a kwandon shara, don in rufa mata asiri. Na tsaya ina jiran godiya.

Sai ga ta da iyaye a bayanta, 'yan China da Larabawa da namu, Mama na gaba da mayafinta na zuwa biki. Tun daga nesa Malama ke bayani fuskarta a washe: a garinsu ba a juya wannan shinkafar, ba a rufe ta, kuma darajarta duka tana ƙanzon da ke kamawa a gindi, babban baƙo ake ba wa shi. Iyayen 'yan China suka hau gyaɗa kai, wai su ma haka suke ji da ƙanzon shinkafar tukunyar ƙasa. Ta ce kowa ya yi shiru ya ji ƙarar da cokali zai yi.

Ta ɗaga tiren. Ta daɗe tana kallo. Ta sa cokali duk da haka, ya nutse lum kamar a cikin fate. Da a ce na yi shiru ma da sauƙi, amma sai na matso na ce da Sifaniyancina na 'yan koyo, da ƙarfi: “Ya ƙone. Ni na gyara.”

Idon Malama ya cicciko. Mama ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta ga kaskon, ta ga kwandon shara, ta ga fuskata.

“Ke ce kika kankare wa mata ƙanzo?” ta ce. “Ke da kike kokawa da ƙannenki a kan na gida? Maza gaya mata na ce ta yi haƙuri, 'yata ba ta da hankali, kuma rawar kai gadon dangin ubanta ne.”

Na ce Mama, a gaban mutane? Ta ce ai a gabansu na yi ɓarnar. Haka na tsaya ina fassara zagin kaina kalma-kalma, inda na kakare Malama da kanta take ciko min. Da muka zo kan dangin uba ta kasa daurewa, ta fashe da dariya tana share hawaye. Aka raba faten a kofuna, kowa ya sha da cokali, ana ta yabon ƙamshi tunda babu abin yabo sai shi.

Malama ta yafe min, amma har na gama makarantar ba ta ƙara barina kusa da wuta ba, faranti nake rabawa. Ni dai na koyi abu ɗaya: idan ka ga tukunyar wani tana ƙauri, tambayi mai ita tukuna, wataƙila ƙaurin take nema.