Yadda Za Ka Ɓoye Wa 'Yarka Ciwon Gwiwa

Kana da suga, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure, ga 'yarka nas ta rantse in ciwon ya tabbata sai ta rufe maka shago? Sha kuruminka. Bi matakan nan, ko likita ba zai kama ka ba. Wani mai aski ya gwada, da shi zan ba ka misali.

1. Koyi tashi
Ban da "wash". In ta gan ka dafe da kujera, ce ƙura kake sharewa. Shekara biyu mai aski yana haka, kujerunsa har ƙyalli suke.

2. San maƙiyinka
Likitocin yanzu ba sa yarda da baki. Wai in guringuntsi na cinyewa, ɓurɓushinsa kan fito a jini da fitsari, kuma sun sa wa masu suga ido. Ashe magulmacin a jikinka yake. Ranar da 'yar mai aski ta miƙo masa kwalbar gwajin fitsari, sai ya hango shagonsa a rufe. Shagon nan ne hirarsa, shi ne mutuncinsa.

3. Ari na mai lafiya
Wa ya kai matarsa lafiya? Shekara talatin da biyar tana durƙuson wanki da guga, bai taɓa jin ƙorafinta ba. Ya lallaɓa ta ta ba shi aron nata fitsarin. Ta dube shi, ta karɓi kwalbar.

4. Karɓi sakamako da fara'a
'Yar ta dawo da takarda, ido jawur. Ta ce sugan ya wuce misali, gaɓɓan ma da alama sun ci wuya, har likita na mamakin yadda mai wannan sakamako ke miƙewa.

"Baba, duk azabar nan, ka rasa wanda za ka faɗa wa?"

Ya waiga. Matarsa na tasowa daga bakin baho, tana bin bango a hankali, leɓe a cije. Sai ranar ya lura. Kunya da tausayi suka rufe shi.

5. Ja bakinka
Nan ne mai aski ya ba mu kunya, ya kasa.

"Mamanki za ki fara kaiwa asibiti," in ji shi. "Takardar tata ce."

Da hannunsa ya kulle shagon, ya tafi nemo mota.

Gargaɗi: Mai wannan shawara ba likita ba ne, ko allura tsoro yake. In ka bi ta, ka gano wanda ya daɗe yana ciwo a gabanka ba ka taɓa tambaya ba, ba ruwana, ba da ni aka ɗaura auren ba.