Huhun da Ya Kayar da Mahauci

"Huhu? Ni za a yi wa bayanin huhu? Shekara talatin ina yankan sa! Ko ido rufe na shafa shi, na san abin da ke damunsa."

Mahauci ke nan, farfesan kayan ciki, yake cika baki a gaban likitar dabbobi. Ga kyanwar matarsa kwance kan tebur, baki buɗe, sai haki take yi. Shekara goma matar tana tare da kyanwar nan, kuma ta riga ta gaya masa: in kyanwar ta mutu saboda taurin kansa, ya nemi mai dafa masa abinci.

Likita ta ɗaga hoton ƙirjin. "Wani ɓangaren huhun ne ya murɗe, jini ya taru a ciki. Sai an yi aiki an cire shi, yau ɗin nan."

"A cire? Haba likita! Abin da ya murɗe ai warware shi ake yi."

Kafin ka ce me, ya sunkuci kyanwa ya faɗa shagon aski da ke kusa, ya haye kujerar nan mai juyawa. Matar ta biyo shi tana, "Maigida, ka rufa mini asiri!"

Ina! "Juya ni hagu!" ya ce wa mai aski. Aka juya. "Tsaya, wai ta ina ma ya murɗe? Gwada dama!"

A juyi na bakwai kyanwa ta zana masa farce daga goshi har haɓa. Gogan naka ya sauko yana tangaɗi, ya rungumi kwandon gashi.

Matar ta ƙwace abarta ta koma da gudu, shi kuma yana bin bango a baya. Ran likita ya ɓaci. "Mu da muke buɗe ƙirjin ma ba ma warware shi. In ka warware, gubar da ta taru ta bi jini, shi ke nan. A murɗensa ake ɗaurewa a yanke."

"Yanka? To an zo fagena. Sai na shiga na duba hannunki!"

Don a huta da surutu, aka ɗaura masa takunkumin fuska, aka tsayar da shi a lungu. Aka buɗe ƙirji. Malam mahauci ya miƙo wuya. Sai ga lafiyayyen huhun ya kumbura, ya saki, ya sake kumbura.

"Wayyo! Motsi yake yi!"

Ji kake tim!

Ya farfaɗo a kan sikelin auna karnuka, matarsa tana masa fifita, tana hawayen murna. An gama aiki, kyanwa tana numfashi lafiya lau.

Ya gyara murya. "Ai dama na sunkuya ne in ga aikin ta ƙasa."

Likita ta miƙo masa ɗan faranti, da baƙin guntun da aka cire a ciki.

"Ungo, farfesa. Wannan ya daina motsi, za ka iya duba shi."